Fitila Cikin Duhu: Tarihin Kogon Postojna da Halittunsa

1.0 Gabatarwa

Al'ada ce a ƙasashen Turai, idan makarantu suka yi dogon hutu, magidanci ya kwashi iyalinsa su tafi buɗe ido. Ɗaya daga cikin wuraren da suka fi jan irin waɗannan maziyarta shi ne wani kogo da ke gefen garin Postojna, a kudu maso yammacin ƙasar Sulobeniya, kimanin kilomita 50 daga Ljubljana, babban birnin ƙasar. Masu wurin suna furta sunan garin kamar "Fostoina". Wanda ya je can a yau, wani ɗan ƙaramin jirgin ƙasa ne zai ɗauke shi da 'ya'yansa, ya kutsa da su cikin dutse. Daga nan su sauka su taka kimanin kilomita ɗaya da rabi, ga fitilun lantarki ko ta ina, sa'an nan a nuna musu wata farar halitta marar gani kwance cikin ruwa. Cikin sa'a ɗaya da rabi an gama, an fito.

Wannan sauƙi yana iya ruɗin mai kallo, ya ɗauka haka wurin yake tun fil azal. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka kai ga haka. Za mu duba yadda aka gano cikin kogon, da yadda aka san halittun da ke zaune a ciki, da mutanen da suka yi wahalar aikin. Za mu ga cewa tarihin Postojna tarihi ne na shigar da haske inda babu shi, kuma hasken da ya bayyana wa duniya waɗannan halittu, shi ne ya jawo musu taron jama'ar da dole a yanzu a kāre su daga gare shi.

2.0 Yadda Ruwa ke Haƙa Kogo

Kafin mu shiga tarihi, ya kamata mu fayyace irin kogon da muke magana a kai. Yawancin kogwannin da aka sani a ƙasar Hausa, irin na duwatsun Birnin Kudu masu zane-zanen mutanen dā, rataye ne ko tsaga tsakanin manyan duwatsu masu tauri, ba su da zurfi sosai, kuma hasken rana yana leƙa su. Kogon Postojna ba haka yake ba. Yana cikin dutsen farar ƙasa ne, watau irin dutsen da ake fasawa a Kalambaina ta Sakkwato domin yin siminti. Asalin wannan dutse ɓawon ƙananan halittun teku ne da suka taru, suka daskare cikin miliyoyin shekaru.

Dutsen farar ƙasa yana da wani rauni. Ruwan sama idan ya ratsa iska da turɓaya yakan kwashi iskar kabon, ya yi ɗan tsami kaɗan, wanda harshe ba zai ji ba amma ya isa ya narkar da dutsen sannu a hankali. Ruwan yakan bi ƙananan tsagogi yana faɗaɗa su, har tsaga ta zama rami, rami ya zama hanya, hanya ta zama zaure. Haka gulbin Pivka ya yi: ya iso Postojna ya nutse cikin dutse, ya yi ta ci yana sauka ƙasa, yana barin tsofaffin hanyoyinsa a bushe. Waɗannan busassun hanyoyi su ne maziyarta ke bi a yau. Abin da aka auna na hanyoyin kogon duka ya haura kilomita 24.

Ruwan da ya narkar da dutse shi ne kuma yake sake gina shi. Idan ɗigo ya tsatso daga rufin kogo, yakan bar ɗan ƙwayar dutse a inda ya rataya, ya bar wani a inda ya faɗa. Da haka ake samun tsini mai saukowa daga sama da tsini mai tasowa daga ƙasa, wani lokaci su haɗu su zama ginshiƙi. Aikin yana da jinkiri ƙwarai, domin ana ƙiyasta cewa a wannan kogo tsini yakan ƙaru da kamar milimita 1 ne cikin shekara 10. Mai karatu ya riƙe wannan lissafi, domin za mu koma kansa.

Fiye da kashi 40 cikin 100 na ƙasar Sulobeniya irin wannan dutse ne, kuma kogwannin da aka rubuta a rajista sun haura 14,000. Daga sunan wani tudu na yankin, Kras, wanda Jamusawa ke kira Karst, masana suka ɗauki kalmar da suke kiran duk ƙasa mai wannan siffa a duniya, musamman bayan littafin da Jovan Cvijić ya wallafa a 1893.

3.0 'Ya'yan Dodo

Mutanen yankin sun san bakin kogon tun da daɗewa. Akwai wata hanya kusa da mashiga inda maziyartan dā suka bar sunayensu a bango, wasu tun ƙarnonin tsakiya. Amma ba su wuce 'yan ɗaruruwan mitoci ba, saboda gulbi ya tare gaba, kuma abin da ke bayansa duhu ne da tsoro.

Labarin halittun ƙarƙashin ƙasa ya fara shiga rubutu ne ta hannun Janez Vajkard Valvasor, wani basarake masani, a cikin babban littafinsa kan lardin Carniola da aka buga a 1689. Carniola shi ne sunan yankin a lokacin da yake ƙarƙashin daular Ostiriya. Valvasor ya ji labarin wata maɓuɓɓuga kusa da garin Vrhnika wadda ruwanta kan ɓalle lokaci lokaci ya kuma ɗauke. Talakawan wurin sun ce dodo ne kwance a cikin dutse, idan ya motsa ruwa ya tumbatso, kuma hujjarsu ita ce bayan ruwa mai yawa akan tsinci 'ya'yansa a waje. Da ya bincika sai ya samu cewa abin da ake kira ɗan dodo wata 'yar halitta ce mai kama da ƙadangare, tsawonta bai fi taƙi ɗaya ba.

Bai kamata mu yi wa waɗannan manoma dariya ba. Sun lura da abubuwa guda biyu na gaskiya: cewa akwai rayuwa a ƙarƙashin dutse, kuma ambaliya ce ke fito da ita. Har ila yau, an tabbatar daga baya cewa ruwan da ya nutse a Postojna yakan ɓullo a kogon Planina, ya sake nutsewa, ya fito kusa da Vrhnika ɗin nan da sunan gulbin Ljubljanica. Ashe ƙarƙashin ƙasar duk a haɗe yake.

A 1768 wani likita a birnin Biyana, Josephus Nicolaus Laurenti, ya ba halittar sunan kimiyya, Proteus anguinus. Kalmar farko sunan wani abin bautar Girkawan dā ne mai sauya kama, ta biyu kuwa tana nufin mai siffar maciji. Su Sulobeniyawa "kifin mutum" suke ce masa, saboda fatarsa ta yi kama da tasu, kuma da wannan suna za mu ci gaba da kiransa. Ba kifi ba ne, dangin kwaɗo ne. Tsawonsa yakan kai santimita 20 zuwa 30, yana da siraran ƙafafu huɗu, yatsu uku uku a na gaba, biyu biyu a na baya. A bayan kansa akwai wata jar geza da yake numfashi da ita cikin ruwa, ga shi kuma yana da huhu. Sai a 1797 aka fara ganinsa a mazauninsa na ainihi, lokacin da wani jami'in gwamnati, Josip Jeršinovič, ya same shi a Baƙin Kogo, ɗaya daga cikin rassan Postojna.

4.0 Mai Kunna Fitila

A 1818 aka sami labarin cewa Sarkin daular Ostiriya, Francis na I, zai biyo ta Postojna, ko Adelsberg kamar yadda ake kiran garin da Jamusanci. Aka ɗora wa Jeršinovič shirin tarbarsa, shi kuma ya ɗauki ma'aikata su gyara mashigar kogon su jera fitilu. Cikinsu akwai wani talaka ɗan garin, Luka Čeč, wanda aikinsa kula da fitilu ne. A watan Afrilu, suna cikin wannan aiki, Čeč ya ƙetare gulbin a kan wata gadar wucin gadi, ya hau bangon dutsen da ke ɗaya gefen, sai ya ɓace wa abokan aikinsa. Suka yi ta jira har suka fara fid da rai. Can sai ga haskensa ya dawo. An ruwaito cewa ya ɗaga murya ya ce musu ya ga sabuwar duniya, ya ga aljanna, kuma ya sauko da guntun tsinin dutse a hannu domin shaida.

Abin da ya gano shi ne manyan zaurukan da ake kai maziyarta a yau. Shekara ta gaba, ran 17 ga Agusta 1819, Yarima Ferdinand mai jiran gado ya ziyarci sabon ɓangaren, aka buɗe littafin sa hannun baƙi, kuma daga wannan rana ake ƙirga tarihin kogon a matsayin wurin buɗe ido. Amma an daɗe ana jingina wannan binciken ga Jeršinovič, tun da shi ne babba a wurin. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Ba a nan aikin Čeč ya tsaya ba. A watan Satumba 1831 ya tsinci wani ɗan ƙwaro a can cikin kogon, dangin buzuzu, tsawonsa bai fi santimita 1 ba. Launinsa ja-ja ne kamar zuma, cikinsa a kumbure, wuyansa siriri, ƙafafunsa da gashin hancinsa dogaye, kuma ba shi da ido ko alama. Wani da ya ga irin wannan abu sai ya murƙushe shi ya wuce. Shi kuwa Čeč ya gane cewa bai taɓa ganin irinsa a waje ba, ya kai wa basarake Franz von Hohenwart, shugaban gidan tarihi na Ljubljana. Hohenwart ya miƙa wa masanin ƙwari Ferdinand Schmidt, wanda ya bayyana shi a rubuce a 1832, ya raɗa masa suna Leptodirus hochenwartii. Kalmar farko tana nufin mai siririn wuya, ta biyu kuwa sunan basaraken ce. A karo na biyu ke nan sunan mai fitila ya faɗi ƙasa.

Muhimmancin wannan ƙwaro ya fi girmansa nesa ba kusa ba. Kafin lokacin, masana suna ɗaukar kifin mutum a matsayin wani abin al'ajabi guda ɗaya tilo, ba su zaci cewa cikin kogo, inda babu rana babu tsiro, zai iya zama mazaunin dindindin ga wasu halittu ba. Ƙwaron ya rushe wannan zato. Da yake wanda aka samu ya ɗan lalace, Schmidt ya sa ladan gulden 25, kuɗin ƙasar a lokacin, ga duk wanda ya kawo na biyu. Čeč ya rasu a 1836 bai samu ba. Sai a 1847, bayan shekara 16, Schmidt da kansa ya sake tsintar wani kusa da inda aka sami na farko. Wannan dogon nema bai tafi a banza ba, domin a cikinsa ne aka yi ta cin karo da wasu halittun da ba a sani ba.

5.0 Haihuwar Sabon Ilimi

Daga nan masana suka ɗunguma zuwa Postojna. A 1839 aka bayyana wani ɗan ƙanƙanin dodon-koɗi na kogon, wanda bai fi ƙwayar gero ba. A 1845 Jørgen Schiødte ya zo daga Denmak, ya koma da gizo-gizo marar ido da wasu fararen halittu dangin jatan lande. A 1854 Adolf Schmidl ya wallafa littafi kan kogwannin yankin, wanda ake ɗauka cikin tubalan farko na ilimin kogo. A cikin littafin ne Ignaz Schiner ya kasa halittun kogo kashi kashi, kuma tsarin nasa, bayan gyaran da Emil Racoviță na ƙasar Romaniya ya yi masa a 1907, shi ake bi har yau. Kashi na farko baƙi ne, waɗanda ke shiga kogo su fita neman abinci ko kuma suka faɗa ciki bisa tsautsayi. Na biyu su ne masu son kogo, waɗanda za su iya rayuwa ciki da waje. Na uku su ne 'yan asalin kogo, waɗanda ba su da wata duniya sai shi. A yau, irin waɗannan na uku da aka ƙidaya a kogwannin Postojna da Planina sun haura 100, abin da ya sa wurin ke cikin mafi arzikin halittun ƙarƙashin ƙasa a duniya.

Tambayar da ta fi ɗaure wa masana kai ita ce ta makanta. Charles Darwin ya tattauna ta a littafinsa na 1859 kan asalin jinsunan halittu, inda ya kwatanta makafin halittun kogwannin daular Ostiriya da na jihar Kentucky ta Amurka, ya danganta rasa idon da rashin amfani da shi tsara bayan tsara. Masana na yanzu sun fi karkata ga bayani biyu: ido gaɓa ce mai cin ƙarfin jiki, don haka a inda abinci ya yi ƙaranci wanda bai kashe ƙarfinsa a kanta ba shi ya fi riba, sa'an nan a cikin duhu, lahani a ido ba ya hana mai shi rayuwa da haihuwa, saboda haka lahanin yakan taru a zuriya. Abin lura shi ne, ɗan kifin mutum yakan ƙyanƙyashe da idanu, sai cikin watannin farko su daina girma, fata ta rufe su.

Tun da an ambaci Kentucky, yana da kyau a lura cewa a can ma labarin bai sauya ba. Wanda ya buɗe sassa masu yawa na kogon Mammoth tun daga 1838, har ya kai ga gulbin da makafin kifaye ke ciki, wani bawa ne baƙar fata mai suna Stephen Bishop, wanda aka sa ja-gorancin baƙi. A nahiyoyi biyu ke nan, mai riƙe da fitila ne ya riga masana gani.

Sanin rayuwar kifin mutum ya ɗauki lokaci mai tsawo, domin halitta ce da ba ta gaggawa. A ɗakin binciken ƙarƙashin ƙasa na Moulis a Faransa an yi ta kiwonsa tun shekarun 1950, kuma sakamakon da aka fitar a 2010 ya nuna cewa yakan balaga ne bayan kimanin shekara 15, macen takan yi ƙwai kamar sau ɗaya cikin shekara 12, matsakaicin ransa shekara 68, wani ma ana ƙiyasta zai haura 100. Yana iya yin shekaru bai ci kome ba. Yana gane abincinsa ta hanyar ƙanshi, da motsin ruwa, da ɗan ƙarfin lantarkin da ke fita daga jikin halittu. Wani bincike da aka wallafa a 2020 kan wani kogo a Bosniya ya sake samun ɗaya daga cikinsu a daidai inda aka bar shi bayan kwana 2,569, watau shekara 7. A wurin da abinci sai abin da ruwa ya kawo, haƙuri shi ne jari.

6.0 Jirgi, Lantarki da Yaƙi

Yayin da masana ke bin ƙwari da fitila, hukuma tana lissafin baƙi. A shekarun 1820 aka kafa kwamitin kula da kogon, aka sa ƙofa, aka fara sayar da tikiti, aka kuma fara bikin rawa na shekara shekara a ɗaya daga cikin zaurukan. A 1857 layin dogo daga Biyana zuwa tashar jiragen ruwa ta Trieste ya biyo ta Postojna, sai ziyarar da dā ta sarakuna da attajirai ce ta zama ta kowa. A 1872 aka shimfiɗa dogo cikin kogon kansa, inda ja-gorori ke tura baƙi a ƙananan kekuna. A 1884 aka sa wutar lantarki, tun kafin Ljubljana ta samu. A 1899 aka buɗe gidan waya a ciki, domin baƙi su aika wa 'yan uwa katin gaisuwa daga ƙarƙashin ƙasa.

Kogon bai tsira daga rikicin Turai ba. Lokacin Yaƙin Duniya na Ɗaya, fursunonin yaƙi na Rasha ne aka sa suka gina wata gada a ciki a 1916, wadda har yau ake kira Gadar Rashawa. Bayan yaƙin yankin ya koma hannun Italiya, garin ya zama Postumia, aka kawo injin jan jirgi mai amfani da fetur, aka kuma buɗe tashar nazarin halittun kogo. A Yaƙin Duniya na Biyu sojojin Jamus suka mai da mashigar ma'ajiyar man jiragen sama. Ran 23 ga Afrilu 1944 mayaƙan sa kai na Sulobeniya suka lallaɓo ta Baƙin Kogo suka cinna wa man wuta. Gobarar ta yi kwana 7 tana ci, ta farfasa duwatsu, ta bar bangon mashigar baƙi ƙirin, kuma mai shiga a jirgi yana ganin tabon har yanzu. A 1947 yankin ya shiga Yugoslabiya, a shekarun 1950 aka koma ga jirgi mai batir saboda hayaƙi, sa'an nan a 1991 Sulobeniya ta sami 'yancin kanta. Sabuwar ƙasar ta sa hoton kifin mutum a jikin ɗaya daga cikin ƙananan tsabar kuɗinta, kafin ta koma amfani da yuro a 2007. Daga 1819 zuwa yau, waɗanda suka shiga kogon sun haura miliyan 35.

7.0 Abin da Haske ya Jawo

Kowane mataki na wannan ci gaba ya zo da tasa ɓarnar. Hayaƙin jiniya da na ciyawar da ja-gororin farko ke ƙonawa ya ɓata fararen duwatsu, har aka hana shiga da su. A ƙarni na 19 baƙi sukan karya tsinin dutse su tafi da shi tsaraba, wasu ma sayarwa suke yi. Idan muka koma ga lissafinmu na baya, tsini mai tsawon santimita 10 aikin shekara 1,000 ne, amma karya shi bai fi ƙiftawar ido ba. Shi ma kifin mutum ya zama haja, ana kama shi ana sayar wa masu sha'awa da gidajen ajiye halittu na Turai. Ko lantarkin da ya kawar da hayaƙi yana da nasa aibi, domin gansakuka da sauran koren tsiro sukan fito kewaye da fitilu, su ci fuskar dutse, su kawo abinci inda tsarin rayuwa ya ginu a kan ƙarancinsa. Shi ya sa a yanzu ake kashe fitilu bayan wucewar kowane ayari, ake kuma hana taɓa duwatsu. A 2004 ƙasar ta kafa doka ta musamman domin kāre kogwanni.

Amma babban haɗari ba daga maziyarta yake zuwa ba, daga saman ƙasa yake. A ƙasa mai yashi da laka, ruwa yakan tace kafin ya kai rijiya. A dutsen farar ƙasa kuwa kamar rariya ce mai manyan huda: abin da aka zuba a sama, taki ne ko maganin feshi ko dagwalon masana'anta, yana iya isa ruwan ƙasa cikin kwanaki kaɗan ba tare da tacewa ba. A farkon shekarun 1980 aka gano cewa guba daga sharar wata masana'anta ta gurɓata maɓuɓɓugar gulbin Krupa a kudu maso gabashin ƙasar, kuma shekaru da yawa bayan haka an ci gaba da samun gubar a jikin kifin mutum na wurin. A wannan yanki ne kuma aka gano, a 1986, wani baƙin kifin mutum mai idanu, wanda duk mazauninsa bai wuce 'yan maɓuɓɓugai ba. Halittar da ke numfashi ta fata, ta yi shekara 15 kafin ta haihu, ba za ta iya farfaɗowa da sauri daga irin wannan ɓarna ba, don haka tana cikin jerin halittun da ake tsoron ɓacewarsu. Kimanin rabin ruwan da Sulobeniyawa ke sha daga cikin irin wannan dutse yake fitowa. Saboda haka lafiyar kifin mutum ma'auni ce ta lafiyar ruwan da ke cikin tulun mutane.

Akwai dai labari mai daɗi. Ran 30 ga Janairu 2016 wani ja-gora ya hango ƙwai manne a jikin gilashin tankin da ake nuna wa baƙi kifin mutum. Cikin makonnin da suka biyo baya macen ta saka ƙwai 64. Aka kwashe su zuwa wuri mai duhu, ana kallonsu da na'urar ɗaukar hoto wadda ba ta buƙatar hasken da ido ke gani. A ƙarshen watan Mayu na farko ya ƙyanƙyashe, kuma sama da 20 suka fito da rai. A nan ma, kamar a 1818 da 1831, ma'aikacin kogo ne ya fara gani.

8.0 Kammalawa

A cikin wannan maƙala mun ga yadda ruwa ya haƙa kogon Postojna, da yadda camfin 'ya'yan dodo ya rikiɗe ya zama ilimi tsakanin 1689 da 1768, da yadda wani mai kunna fitila ya buɗe wa duniya zaurukan kogon a 1818, ya kuma tsinci ƙwaron da ya zama mafarin nazarin halittun ƙarƙashin ƙasa a 1831. Mun kuma ga yadda jirgi da lantarki suka mai da wurin dandalin iyalai, da irin asarar da aka yi kafin a koyi taka-tsantsan.

Akwai darussa biyu ga mai nazarin tarihi da al'adu. Na farko, ilimi yakan fara ne daga idon wanda ke zaune da abu kullum, manomi ne ko ja-gora ko bawa, ko da yake sunan da ke shiga littafi sau da yawa na mai muƙami ne. Wajibin mai rubuta tarihi ne ya tono waɗancan sunaye ya mai da su gurbinsu. Na biyu, camfi ba kullum yake zama shirme ba, wani lokaci lura ce ta gaskiya da aka ba fassarar da ta dace da zamaninta. Yaran da ake kai wa Postojna hutu a yau, har yanzu "'ya'yan dodo" ake ce musu za su gani, kuma ko jikokinsu za su tarar da su a raye, wannan ya rataya ne a kan abin da ake zubawa a gonaki da magudanan da ke saman dutsen.